Masu rajin 'yancin mutum da zaɓen rabin wa'adi a Amurka

A duk lokacin da aka kammala zaɓen rabin wa'adi a Amurka, hankalin duniya yakan karkata ne ga manyan jam'iyyu biyu, wato wadda ta kama majalisar wakilai da wadda ta riƙe majalisar dattawa. Sai dai akwai wani rukuni na Amurkawa da ba da wannan mudu yake auna sakamakon ba. Su ne waɗanda ake kira 'yan Libertarian, masu rajin 'yancin mutum da taƙaita ikon gwamnati.

Abu biyu suke dubawa bayan kowane zaɓe: ko gwamnatin tarayya za ta rage kuɗin da take kashewa, da kuma ko za ta rage tura sojoji ƙasashen waje.

Ana yin wannan zaɓe ne shekaru biyu bayan na shugaban ƙasa, inda ake takarar dukkan kujeru 435 na majalisar wakilai da kimanin kashi ɗaya cikin uku na kujeru 100 na majalisar dattawa. Bisa al'ada jam'iyyar shugaba mai ci takan yi asarar kujeru a majalisar wakilai, in ban da shekaru ƙalilan kamar 1934 da 1998 da 2002. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ɗora wa majalisar dokoki ikon amincewa da kashe kuɗi da ikon ayyana yaƙi, shi ya sa masu wannan ra'ayi ke ɗaukar zaɓen da muhimmanci.

Su wane ne?

Tushen ra'ayinsu shi ne cewa mutum yana da iko da kansa da dukiyarsa, kuma aikin gwamnati bai wuce kare rayuka da dukiya da tabbatar da shari'a tsakanin jama'a ba. A fannin tattalin arziki sun fi kusa da 'yan Republican, domin suna son ƙaramin haraji da cinikayya ba tare da shinge ba. A fannin zaman jama'a kuwa sukan zarce 'yan Democrat, suna cewa ba ruwan hukuma da abin da baligi ke yi muddin bai cutar da wani ba. Wannan matsayi ya kai da yawansu ga goyon bayan halatta wasu miyagun ƙwayoyi, abin da ke raba su da masu riƙo da addini, Kirista da Musulmi.

Wannan ƙa'idar dai ita ce ta sa a shekarar 2010, lokacin da ake ta cece-kuce kan gina cibiyar Musulunci kusa da wurin da aka kai harin 11 ga Satumba a birnin New York, ɗan majalisa Ron Paul ya fito ya ce Musulmin suna da 'yancin gina masallaci a filin da suka mallaka.

Masanan da suka fi tasiri a kansu sun haɗa da Ludwig von Mises da Friedrich Hayek, 'yan asalin daular Ostiriya, da Milton Friedman na jami'ar Chicago. An kafa jam'iyyar Libertarian a jihar Colorado cikin Disamban 1971, watanni kaɗan bayan shugaba Richard Nixon ya ƙayyade farashin kaya da albashi, ya kuma raba dala da zinariya. A 1977 aka kafa cibiyar bincike ta Cato, wadda ta zama babban dandalin masanansu.

Jam'iyyar ba ta taɓa cin kujera a majalisar dokokin tarayya ta hanyar zaɓe ba. Tsarin Amurka na wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka ba ya barin ƙananan jam'iyyu su numfasa. Sakamako mafi kyau da ta samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne na 2016, inda tsohon gwamnan New Mexico, Gary Johnson, ya samu ƙuri'u kusan miliyan huɗu da rabi, wato kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari. Don haka yawancin masu wannan ra'ayi ba 'yan jam'iyyar ba ne. Suna cikin jam'iyyar Republican, ko kuma ba su da jam'iyya.

A raba musu iko

Abin da ya fi bambanta su da sauran masu zaɓe shi ne yadda da yawansu ke murna idan sakamako ya raba iko, wato fadar White House a hannun wata jam'iyya, majalisa kuma a hannun wata.

William Niskanen, wanda ya taɓa zama mai ba shugaba Ronald Reagan shawara kan tattalin arziki kafin ya shugabanci cibiyar Cato, ya daɗe yana kare wannan matsayi. A nazarinsa, kuɗin da gwamnati ke kashewa ya fi saurin ƙaruwa idan jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da komai, domin shugaba ba ya son hawa kujerar na-ƙi a kan dokar 'yan jam'iyyarsa, su ma ba sa son kunyata shi. Idan kuwa an raba, kowa yakan zame wa ɗan uwansa ƙarfen ƙafa.

Misalin da suka fi kawowa shi ne zaɓen 1994, lokacin da 'yan Republican ƙarƙashin Newt Gingrich suka ƙara kujeru 54, suka karɓe majalisar wakilai a karon farko cikin shekaru 40. An kai ruwa rana tsakaninsu da shugaba Bill Clinton har aka rufe ma'aikatun gwamnati sau biyu, amma daga 1998 zuwa 2001 kasafin kuɗin Amurka ya samu rara shekaru huɗu a jere.

Ba kowa ne ya yarda cewa rabuwar iko ce ta haifar da rarar ba. Wasu masana na danganta ta da bunƙasar tattalin arziki a wancan lokaci, da ƙarin harajin da Clinton ya yi a 1993, da kuma rage kuɗin soja bayan ƙarewar yaƙin cacar baka. Niskanen ya kuma ce manyan yaƙe-yaƙe sun fi aukuwa a lokacin da jam'iyya ɗaya ke mulki, sai dai a nan hujjar tasa tana da rauni, domin a Oktoban 2002 da aka ba shugaba George W. Bush izinin yaƙar Iraƙi, 'yan Democrat ne ke jagorancin majalisar dattawa, kuma izinin ya wuce da ƙuri'u 77 da 23.

Zamanin Bush da zaɓen 2006

Babu lokacin da dangantakar masu wannan ra'ayi da jam'iyyar Republican ta yi tsami kamar zamanin Bush. Shekara da shekaru suna jin 'yan jam'iyyar na cewa a ba su cikakken iko su rage girman gwamnati. Bayan zaɓen 2002 sun samu fadar shugaban ƙasa da majalisun biyu, sai aka ga akasin haka.

Tun kafin zaɓen ma Bush ya sa hannu a kan dokar da ta faɗaɗa hannun gwamnatin tarayya a harkar ilimi, da dokar da ta ƙara tallafin manoma, ya kuma ɗora haraji kan ƙarafan da ake shigowa da su. A ƙarshen 2003 aka zartar da dokar sayen magani ga tsofaffi, wadda aka ƙiyasta za ta ci kimanin dala biliyan 400 cikin shekaru goma. Shugabannin majalisar wakilai sun bar ƙofar kaɗa ƙuri'a a buɗe kusan sa'o'i uku cikin dare suna lallashin 'yan jam'iyyarsu, kafin dokar ta tsallake da ƙuri'u 220 da 215. Sai a watan Yulin 2006, bayan fiye da shekaru biyar a kan mulki, Bush ya fara hawa kujerar na-ƙi a kan wata doka.

Abin da ya zama alamar almubazzarancin wancan lokaci shi ne wata gada a jihar Alaska, wadda aka ware wa dala miliyan 223 a 2005 domin haɗa garin Ketchikan da tsibirin Gravina mai mazauna kimanin 50. Masu kare aikin sun ce filin jirgin saman garin yana kan tsibirin ne, amma sunan da 'yan jarida suka laƙaba mata, wato gadar da ba ta zuwa ko'ina, shi ya bi ta.

A Oktoban 2006, David Boaz da David Kirby suka wallafa wani bincike a cibiyar Cato da ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari na masu zaɓe suna da irin wannan ra'ayi, ko da ba su kira kansu da sunan ba. Binciken ya nuna kashi 72 cikin ɗarinsu sun zaɓi Bush a 2000, amma adadin ya sauka zuwa 59 a 2004.

Ranar 7 ga Nuwamban 2006 'yan Democrat suka ƙara kujeru kimanin 30 suka karɓe majalisar wakilai, suka kuma samu rinjayen 51 da 49 a majalisar dattawa tare da sanatoci biyu masu zaman kansu. Washegari aka bayyana murabus ɗin sakataren tsaro Donald Rumsfeld. A wannan zaɓen ne kuma Keith Ellison na jihar Minnesota ya zama Musulmi na farko da ya shiga majalisar dokokin Amurka.

Sakamakon jihar Montana ya fi jan hankalin 'yan Libertarian. Jon Tester na Democrat, wanda ya ce yana son a soke dokar Patriot da ta faɗaɗa ikon leƙen asirin jama'a, ya kayar da sanata Conrad Burns da ƙuri'u kimanin 3,500, alhali ɗan takarar Libertarian, Stan Jones, ya samu fiye da 10,000. Da Burns ya ci, da majalisar dattawa ta kasu 50 da 50, mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya riƙa raba gardama. 'Yan Republican sun zargi ƙaramar jam'iyyar da ɓata musu lissafi. Amsar da suka samu ita ce ba wanda ya gaji ƙuri'ar wani.

Gaskiyar magana, yaƙin Iraƙi da zarge-zargen cin hanci da yadda aka tafiyar da bala'in guguwar Katrina sun fi tasiri a zaɓen fiye da ƙorafin kashe kuɗi. Kuma murnar ba ta daɗe ba. A Janairun 2007 Bush ya sanar da tura ƙarin sojoji fiye da 20,000 Iraƙi, sabuwar majalisar kuma ta ci gaba da amincewa da kuɗin yaƙin. A Oktoban 2008 jam'iyyun biyu suka haɗu suka ware dala biliyan 700 domin ceto bankuna. Bashin da ake bin gwamnatin tarayya ya tashi daga kimanin dala tiriliyan 5.7 a farkon mulkin Bush zuwa 10.6 a ƙarshensa.

Yaƙi da baitulmali

A wurin masu wannan ra'ayi, batun yaƙi da batun kuɗi abu ɗaya ne. Suna cewa yaƙi shi ne ke kawo ƙarin haraji da bashi da sa ido kan jama'a, kuma ikon da gwamnati ta karɓa da sunan dokar ta-ɓaci ba kasafai take mayar da shi ba. Sukan kafa hujja da jawabin rantsar da Thomas Jefferson na 1801, inda ya yi kira da a yi zaman lafiya da ciniki da kowace ƙasa ba tare da ƙulla ƙawancen da zai ɗaure Amurka ba. Milton Friedman, wanda ya rasu kwanaki tara bayan zaɓen 2006, yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka har aka soke shiga soja na dole a 1973.

Wanda ya fi fito da wannan matsayi fili shi ne Ron Paul, likitan mata daga jihar Texas, ɗaya daga cikin 'yan Republican shida da suka ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a majalisar wakilai. A muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa ta watan Mayun 2007, ya ce katsalandan ɗin Amurka a Gabas ta Tsakiya na daga cikin abubuwan da suka janyo harin 11 ga Satumba, yana mai tunatarwa da juyin mulkin da hukumar CIA ta taimaka aka yi wa Muhammad Mossadegh a Iran a 1953. Tsohon magajin garin New York, Rudy Giuliani, ya nemi ya janye maganar, jama'a suka tafa masa. Paul bai janye ba, kuma a ranar 16 ga Disamban wannan shekara magoya bayansa suka tara masa kimanin dala miliyan shida ta intanet cikin yini ɗaya.

Haka suke adawa da agajin da gwamnati ke ba ƙasashen waje, duk da cewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin ba. A ganinsu agajin yakan ƙare ne a aljihun masu mulki, kuma abin da ya fi amfanar talakan Afirka shi ne a buɗe masa kasuwa. A kan wannan bakinsu ya zo ɗaya da ƙasashen Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi, waɗanda tun 2003 suka kai kuka ga ƙungiyar cinikayya ta duniya cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi.

2010: nasarar da ba ta ɗore ba

Zaɓen 2010 ya zo ne bayan shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala biliyan 787 da dokar inshorar lafiya ta shugaba Barack Obama. Guguwar 'yan Tea Party ta taimaka wa 'yan Republican suka ƙara kujeru 63 a majalisar wakilai. Rand Paul, ɗan Ron Paul, ya zama sanata daga Kentucky, Mike Lee daga Utah, Justin Amash kuma, wanda mahaifinsa Bafalasɗine ne Kirista, ya shiga majalisar wakilai daga Michigan.

Taƙaddamar da ta biyo baya kan iyakar cin bashi ta haifar da dokar taƙaita kasafi ta Agustan 2011, wadda ta tanadi yanke kuɗi kai tsaye, rabi daga soja, rabi daga ayyukan cikin gida. Jimillar kuɗin da gwamnati ta kashe ta sauka daga kimanin dala tiriliyan 3.6 a 2011 zuwa ƙasa da 3.5 a 2013. Rabon da a ga raguwa shekaru biyu a jere tun bayan yaƙin Koriya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son rabuwar iko ke da ita.

A fagen waje ma an ji muryarsu. Ron Paul na cikin 'yan majalisa goma na jam'iyyun biyu da suka kai Obama kotu a 2011 saboda kai hari Libiya ba da izinin majalisa ba, yaƙin da makamansa suka bazu a yankin Sahel daga baya. Kotu ta kori ƙarar. A Maris na 2013 Rand Paul ya shafe kusan sa'o'i 13 yana magana a zauren majalisar dattawa kan amfani da jirage marasa matuƙa, a Yulin shekarar kuma ƙudurin Amash na hana tattara bayanan wayar Amurkawa ya faɗi da ƙuri'u 205 da 217.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. 'Yan Republican da yawa ba sa son a taɓa kuɗin soja, 'yan Democrat kuma ba sa son a taɓa na cikin gida, don haka a 2013 da 2015 da 2018 da 2019 aka yi ta ɗaga iyakar da aka sa, kowa ya samu nasa. Yarjejeniyar Fabrairun 2018, wadda ta ƙara kimanin dala biliyan 300 cikin shekaru biyu, an yi ta ne lokacin da 'yan Republican ke riƙe da komai ƙarƙashin Donald Trump.

Bayan 'yan Democrat sun karɓe majalisar wakilai a zaɓen 2018, majalisun biyu sun zartar da ƙudurin janye goyon bayan Amurka ga yaƙin da Saudiyya ke jagoranta a Yemen, wanda Mike Lee ya ɗauki nauyinsa tare da Bernie Sanders. Trump ya hau kujerar na-ƙi a Afrilun 2019. Amash ya fice daga jam'iyyar Republican a wannan shekara, ya shiga Libertarian a 2020, ya zama ɗan jam'iyyar na farko a majalisar tarayya, amma bai sake neman kujerar ba.

A zaɓen 2022 ɗan takarar Libertarian a jihar Georgia, Chase Oliver, ya samu kimanin kashi 2 cikin ɗari, abin da ya tilasta zagaye na biyu tsakanin Raphael Warnock da Herschel Walker. 'Yan Republican sun kama majalisar wakilai da 222 da 213, suka ƙulla wata sabuwar yarjejeniyar taƙaita kasafi da shugaba Joe Biden a 2023. Duk da haka bashin ƙasar ya zarce dala tiriliyan 36 a ƙarshen 2024, shekarar da kuɗin ruwan da ake biya ya fi kuɗin da aka kashe kan tsaro. A Yulin 2025 Rand Paul da ɗan majalisar wakilai Thomas Massie suka ƙi jefa ƙuri'ar amincewa da babbar dokar haraji da kasafi ta Trump, wadda ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin fiye da dala tiriliyan uku cikin shekaru goma.

Abin da masu suka ke cewa

Babbar matsalarsu ita ce lissafi. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kuɗin da gwamnati ke kashewa majalisa ke jefa wa ƙuri'a kowace shekara. Sauran fansho ne da lafiyar tsofaffi da marasa ƙarfi da kuɗin ruwa, waɗanda ke tafiya bisa dokokin da aka riga aka kafa. Tsofaffi kuwa sun fi kowa fita zaɓen rabin wa'adi, kuma da wuya a samu ɗan takarar da zai yi gigin taɓa haƙƙinsu. Masu ra'ayin gurguzu da sassauci na cewa rage kashe kuɗi talaka yake fara shafa. Masu ra'ayin riƙau a harkar tsaro kuma na kiransu masu son ware Amurka daga duniya, suna gargaɗin cewa duk gurbin da ta bari Rasha ko Sin ce za ta cike shi. Su kuwa suna musanta zargin, suna cewa mai son ciniki da kowa ba za a kira shi mai ƙyamar duniya ba.

An ga wannan jayayya a kan Jamhuriyar Nijar. Bayan kisan sojojin Amurka huɗu tare da takwarorinsu na Nijar a kusa da Tongo Tongo cikin Oktoban 2017, wasu manyan sanatoci, ciki har da Lindsey Graham, sun amsa cewa ba su san yawan sojojin ƙasarsu da ke can ba. Masu rajin 'yancin mutum sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa majalisa ta sakar wa fadar shugaban ƙasa ikonta na yaƙi tun izinin da ta bayar a Satumban 2001.

A Oktoban 2023, watanni uku bayan juyin mulkin da ya kifar da shugaba Mohamed Bazoum, Rand Paul ya gabatar da ƙudurin janye sojojin Amurka kimanin dubu ɗaya daga Nijar. Sanatoci 11 ne suka goyi baya, 86 suka ƙi. A Maris na 2024 gwamnatin soja a Yamai ta soke yarjejeniyar tsaron da ke tsakanin ƙasashen biyu, a watan Agusta sojojin Amurka suka bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez, aka kammala janyewar cikin Satumban wannan shekara.